RUMBUN MAI GIDA: DAGA KAKA ZUWA KAKA

Ya kai mai karatu, ga shi yanzu ka iya karatu da rubutu, ka kuma iya ƙidaya a takarda. To, bari mu ɗauki wannan ilmi mu kai shi bakin rumbunka. Kowane mai gida ya san watan Agusta, sa'ad da gona ta yi kore shar, gero bai nuna ba, rumbu kuwa ya yi ƙasa. A lokacin nan ne yara su kan rame, mai gida kuma ya ci bashi mai nauyi. Kakanninmu sun ga yunwar 1914, wadda a ke kira Kakalaba, iyayenmu kuma sun ga farin 1973. Fari ba a hannun mutum ya ke ba. Amma sau da yawa yunwa ta kan shiga gida ko a shekarar da damina ta yi albarka, dalili kuwa rashin lissafi ne da ɓarnar ajiya.

1. LISSAFIN HATSI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da ka kawo amfanin gona gida, ran nan za ka yi lissafin shekara. Ka tambayi uwargida nawa ta ke aunawa kullum, gama ita ta fi ka sanin wannan. A ce gidanka yana cin tiya ɗaya kowace rana. Shekara kwana 365 ce, watau tiya 365 ke nan. In buhunka yana cin tiya 40, kana bukatar buhu 9 da tiya 5.

Wannan fa na ci ne kaɗai. Kafin ka ƙidaya shi, ka fid da zakka in hatsin ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin goma ga noman damina. Ka ware iri. Ka ƙara wani abu domin baƙi, da suna, da abincin masu taya ka noma. Abin da ya ragu bayan wannan duka, shi ne na sayarwa. Mutum da yawa su kan sayar da hatsi da kaka yana araha, sa'an nan su komo da damina su saye shi da tsada, wani lokaci ma a hannun wanda suka sayar wa.

2. SHANYA

Hatsin da bai bushe sarai ba, ba ya ajiyuwa. Gero da dawa sun fi daɗewa in an bar su a zangarniya, a riƙa sussuka kaɗan kaɗan. Masara kuwa ga yadda za ka gwada ta. Ka sami kwalba busasshiya, ka zuba tsabar masarar da gishiri busasshe, ka toshe, ka girgiza, ka ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, sai a mai da ita rana.

Kada ka rena wannan magana. Masara da gyaɗa masu laima su kan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana haifar da dafi mai suna aflatoksin. An gano shi bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka yi musu da gyaɗa mai funfuna. Dafin yana lalata hanta, yana tsaurar da yara, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Saboda haka duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, a tsince ta a binne. Kada a ba saniya mai tatsa, gama dafin ya kan biyo nono.

Ka yi shanya a kan tabarma ko tamfol, kada ka baza abinci a ƙasa ko a gefen hanya. Ɓera yana bin shanya, fitsarinsa da kashinsa kuwa su ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno.

3. RUMBU DA BUHU

Kafin ka zuba sabon hatsi, ka kwashe tsohon, ka share rumbu, ka yaɓe tsagarsa, ka duba jinka ko tana yoyo. Kada ka gama sabo da tsoho, domin ƙwarin bara kada su ci na bana. In a ɗaki za ka ajiye buhuna, ka ɗora su bisa katako, ka bar rata tsakaninsu da bango, saboda gara da laima.

Wake ya fi kome wuyar ajiya, gama tun daga gona ƙwaro ya ke shigarsa. Mutanen da su kan gauraya shi da toka ko yashi, dabarar kuwa tana aiki in waken kaɗan ne. Akwai kuma buhu mai riɓi uku, wanda a ke kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Za ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure bakin kowane riɓi dabam. Ƙwaro mai numfashi ne kamarka. In iska ta ƙare masa sai ya mutu. Jarka ko duro mai murfin kirki ma suna yin wannan aiki, in an cika su har baki. Amma in ledar ta huje, aikin ya ɓaci.

Ina gargaɗinka da babbar murya, kada ka zuba maganin feshin gona ko na sauro a cikin abin da iyalinka za su ci. Abin da ke kashe ƙwaro yana iya kashe ɗanka. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin wannan guba da suka samu a ciki.

4. KAYAN MIYA

Sa'ad da kuɓewa da tumatir da tattasai suka yi araha, ka saya da yawa, a yanka, a shanya a rana. Ganye kuwa, kamar zogale da kuka da rama, a inuwa a ke shanya shi, wurin da iska ke ratsawa, gama zafin rana yana ƙone amfaninsa. In ya bushe a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi. Nama a yi kilishi, kifi a yi banda.

5. CIKA CIKI DA GINA JIKI

Tuwo yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Masu gina jiki su ne wake, da gyaɗa, da daddawa, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Masu tsare jiki daga cuta su ne ganye da 'ya'yan itatuwa. Wanda ke fama da dundumi, watau ba ya gani da magariba, ya rasa abin da ke cikin hanta, da manja, da karas, da mangwaro. Gishiri mai aidin yana hana maƙoƙo.

A gidaje da yawa tsokar nama ta mai gida ce, yara sai romo. Ka sani ƙaramin yaro, da mace mai ciki, da mai goyo, sun fi ka bukatarta, gama kai ka gama girma. In ba nama, a sa ƙuli-ƙuli ko garin gyaɗa a kunun yaro.

6. KUƊIN CEFANE

Ka sayi ɗan littafi, ka rubuta abin da ka kashe kowace rana har wata guda, ko na goro da taba kada ka ɓoye. A ƙarshen wata ka tara, za ka ga ƙofar da kuɗinka ke fita. Abin da ba ya lalacewa, kamar gishiri da barkono da kanwa, ka saya a dunƙule ran kasuwa, ya fi sayen ƙulli ƙulli araha. Kuɗin cefane ka ware shi tun ran da kuɗi suka shigo hannunka, kada ka taɓa shi domin biki. Allah ya sa albarka a rumbunka, ya kai mu kaka lafiya.

TAMBAYOYI

1. Gidan da ke cin tiya 2 kullum, buhu nawa ya ke bukata a shekara?
2. Yaya za ka gane masara ta bushe?
3. Me ke kashe ƙwaro a buhu mai riɓi uku?
4. Don me a ke shanya zogale a inuwa?
5. Rubuta a littafinka abin da aka ci a gidanka jiya, ka nuna wanne ne mai gina jiki.