Yadda Ƙwan Ɓera Ke Nuna A Ɗakin Gwaji

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na ilmin halitta a wannan fitowa a kan ƙwan ɓera ya ke. Na san wani zai ce, "Yaushe ɓera ya fara ƙwai? Ai haihuwa ya ke yi." To, gaskiya ne, amma ko wace dabba mai shayarwa, har da mutum, daga ƙwai ta ke farawa. Sai dai ƙwan ɓera ba ya fitowa waje kamar na kaza, kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙwan ɓera wanda ya gama girma, sai an jera wajen 12 kafin su cika milimita ɗaya. Sabo da ƙanƙantarsa ba a ga ƙwan dabba mai shayarwa ba sai a 1827, sa'ad da wani masani, Karl Ernst von Baer, ya gan shi a jikin karya.

A cikin macen ɓera akwai gidan ƙwai guda biyu. Ko wane ƙwai yana zaune cikin wata 'yar jaka, kewaye da waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda zan kira masu reno. Su ke ciyad da shi, gama shi kansa ba ya iya cin moriyar sukarin da ke cikin jini yadda ya kamata. Sai su sarrafa sukarin, su miƙa masa ta waɗansu siraran hanyoyi da suka ratsa ɓawonsa. Shi kuma yana aika musu da sinadarin da ke sa su yaɗu. Kun ga ashe cuɗe ni in cuɗe ka su ke yi.

Ina so ku rarrabe abu biyu, watau girma da nuna. Girma ya kan ɗauki mako biyu zuwa uku, ƙwan yana tara guzurin da ɗan tayi zai fara rayuwa da shi. Nuna kuwa aikin rabin yini ne. Ko wace ƙwayar jikin ɓera tana da zaren gado 40, watau 20 daga uwa, 20 daga uba. In ƙwai ya riƙe 40 ɗinsa, maniyyi ya kawo 20, lissafi ya ɓaci ke nan. Don haka tilas ya rage rabi. Tun macen tana cikin uwarta ƙwan ya ke soma wannan aiki, sa'an nan ya tsaya, masu reno kuwa su riƙe shi a tsayen. Sai ran da wani sinadari ya sauko daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa su ke sakinsa. Cikin awa 12 ko kusa da haka sai ya tattara rabin zaren, ya fitar cikin wani ɗan ƙullutu a gefensa, ya sake tsayawa yana jiran maniyyi. Wannan shi ne nunannen ƙwai.

To, yaya a ke yin wannan a ɗakin gwaji? Masana su kan ciro jakunkunan da allura mai tsini a ƙarƙashin madubin likita, su sa su cikin ruwa mai gishiri da sukari da sauran abincin da su ke bukata. Sai a ajiye su cikin akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da zafin jiki. A ƙara sinadarin da ke sa masu reno yaɗuwa, a riƙa sake ruwan. Waɗansu kuma su kan dasa jakar cikin wani abu mai kauri kamar kamu, wanda a ke samu daga ciyawar teku, don kada ta baje ƙwan ya rabu da masu renonsa. In ya gama girma, sai a zuba sinadarin da ke sa shi nuna.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1996, John Eppig da Marilyn O'Brien, a ɗakin gwaji na Jackson da ke Amurka, suka ɗauki gidan ƙwai na jaririyar ɓera suka rene shi kwana 8. Suka ware ƙwayayen tare da masu renonsu, suka ƙara kwana 14, suka haɗa su da maniyyi, suka dasa a cikin wata macen. Ɗa guda tak ya rayu, aka sa masa suna Eggbert. Da suka gyara dabarar, a 2003 suka sami 'ya'ya 59. A 2016 kuma Katsuhiko Hayashi da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka yi abin da ya fi wannan ban mamaki: daga ƙwayoyin wutsiyar ɓera suka samo ƙwai, har aka haifi 'ya'ya. A 2021 suka iya ƙirƙiro masu renon ma a ɗakin gwaji.

Ina amfanin wannan wahala duka a kan ɓera? Akwai 'yan mata ƙanana da maganin ciwon daji ke ɓata wa ƙwai, su warke amma su rasa haihuwa. In an ciri ɗan yankin gidan ƙwansu tun kafin magani aka adana, burin masana shi ne a rena ƙwan a waje daga baya. Amma ƙwan mutum watanni ya ke yi yana girma, jakarsa kuma ta fi ta ɓera girma nesa. A 2018 masana a Edinburgh suka rena ƙwan mutum har ya nuna, sai dai ba su haɗa shi da maniyyi ba.

Ku da za ku zama malamai, ga shawarata. In an yanka kaza mai ƙwai, ku kawo wa yara curin ƙwayayen nan na cikinta, manya da ƙanana, ko wanne cikin tantaninsa. Jakunkunan da muka yi magana ke nan, a fili ba sai da madubi ba. Ku sa su ƙidaya, su jera daga ƙarami zuwa babba, sa'an nan ku tambaye su wanne zai riga fita.