Amsoshin Tambayoyinku: Mai hijabi za ta iya buga ƙwallon kwando a Olamfik?

Tambaya: 'Yata ta ɗora wa ƙwallon kwando rai tun da ta ga 'yan matan Najeriya a gasar Olamfik ta Faris. Ni kuwa na ji an ce ba a barin mai hijabi ta buga. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Liba, Jihar Kebbi.

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne a da, amma yanzu an sauya dokar.

Shekaru da dama hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai a fili, tana cewa mayafi zai iya jawo rauni. Dokar ta fi cizo a 2014, a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu. An ce wa 'yan matan Qatar sai sun cire hijabi kafin su shiga, suka ƙi, suka janye daga gasar. Wata Musulma 'yar Amurka, Bilqis Abdul-Qaadir, wadda dokar ta tare wa hanyar zama ƙwararriya, ta yi ta fafutuka tare da wasu har FIBA ta sauko a watan Mayun 2017. Sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar.

Sharuɗɗan ba su da wuya. A dokar 2017 an ce hijabin ya zama baƙi, ko fari, ko kalar rigar ƙungiya. Kada ya rufe ido, hanci ko baki. Kada a sa masa maɗauri ko wani abu mai fitowa da zai ji wa wata ciwo. A gasar Faris ta 2024 Faransa ta hana nata 'yan wasan sa hijabi, wanda a ganina zalunci ne, amma hanin bai shafi 'yan wasan wasu ƙasashe ba.

'Yarki kuwa ba ta yi sha'awar banza ba. A Faris, 'yan matan Najeriya, wato D'Tigress, sun doke Ostareliya da maki 75 da 62, Faransa ta ci su, sannan suka lallasa Kanada 79 da 70. Da wannan suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ce ta fitar da su, 88 da 74, ita kuma ta ɗauki zinare. Mai horar da su, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa ta gasar. A 2025 a Abidjan sun ɗaga kofin Afirka karo na biyar a jere.

Sai dai zan faɗa miki inda gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan mata a makarantun Amurka da ƙungiyoyin Turai suka goge. Ita kanta Wakama a Amurka aka haife ta. Sun tashi da fili mai kyau da mai koyarwa tun suna ƙanana. Yarinyar Liba ko Jega ko Maiyama wannan ne ta rasa, kuma wannan ne ya kamata mu riƙa tambayar masu kula da makarantunmu a kai. Daɓen siminti da kwando biyu ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ki fara da makarantarsu. Ki sami shugabar makaranta da malamin wasanni, ki nemi a ware wa 'yan mata lokacinsu, da mace mai sa musu ido. In Allah ya kai ta jami'ar Aliero ko wata, akwai gasar jami'o'i ta NUGA. Ki ɗinka mata hijabin wasa mai kama kai da dogon wando, ki sa mata albarka, kada kuma ki bari karatu ya yi baya.