Haɗuran Jiragen Sama a Shekarun 1950: Laifin Matuƙi ko Ƙarancin Sani?

Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi tarihin sufurin sama zai tarar cewa a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne jirgin sama ya tashi daga zama abin hawan soja da manyan jami'an gwamnati, ya koma abin hawan 'yan kasuwa da ɗalibai da alhazai. Jiragen sun ƙara girma da sauri, sun kuma ƙara lulawa sama, amma sanin da ake da shi game da ƙarfen da aka ƙera su da shi, da kuma iskar da suke ketawa, bai yi saurin da su jiragen suka yi ba.

Ba manufar wannan maƙala ba ce ta jero haɗuran wancan zamani, domin suna da yawa. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne halin da kwamitin bincike yakan shiga idan ya tsaya a kan tarkacen jirgi, alhali dalilin faɗuwar jirgin abu ne da ilimin lokacin bai gama gano shi ba. A wancan lokaci jiragen da za mu yi magana a kansu ba sa ɗauke da na'urar naɗar maganar matuƙa, wadda a yau ake kira baƙin akwati. Shaidun mai bincike ba su wuce tarkace da gawawwaki da bakin waɗanda suka tsira ba. Idan waɗannan suka gaza, mafi sauƙin kamawa shi ne matuƙi.

Comet da gajiyar ƙarfe

Ran 2 ga Mayu 1952 kamfanin BOAC na Ingila ya soma jigilar fasinja daga Landan zuwa Johannesburg da jirgin Comet, ƙirar kamfanin de Havilland. Shi ne jirgin fasinja na farko a duniya mai injin jet, wato maras farfela. Yana gudun fiye da mil 450 a awa, yana kuma tafiya a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 40,000, kusan ninki biyu na inda jiragen farfela suke bi. A irin wannan tsayi iska ba ta isar ɗan Adam numfashi, don haka dole ne a riƙa cusa iska cikin gangar jirgin. Ma'ana, duk tashi ɗaya gangar takan kumbura kaɗan kamar balan-balan, duk sauka ɗaya kuma ta saki.

Matsala ta fara ne tun daga ƙasa. A watan Oktoba 1952 wani Comet ya kasa tashi a Rum, ya zarce ƙarshen titi, ba a rasa rai ba. Aka ce matuƙin ne ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, aka rage masa matsayi. A watan Maris 1953 irin haka ta sake faruwa a Karaci, wannan karo mutum 11 suka rasu. Sai daga baya aka gano cewa siffar gaban fiffiken ce take sa jirgin ya rasa ƙarfin tashi idan hancinsa ya ɗaga sosai, aka sake mata fasali. Ran 2 ga Mayu 1953 kuwa, ranar da jirgin ya cika shekara guda yana aiki, wani ya wargaje a cikin hadari jim kaɗan bayan tashinsa daga Kalkata, mutum 43 suka rasu. Tun da akwai hadari, sai aka jingina abin ga hadari, ko kuma ga yadda matuƙin ya sarrafa jirgin a cikinsa.

Ran 10 ga Janairu 1954 babu hadarin da za a ɗora wa laifi. Wani Comet ya tashi daga Rum zuwa Landan da safe, gari garau. Kamar minti ashirin da tashinsa, matuƙin yana cikin magana ta rediyo da matuƙin wani jirgin, sai muryarsa ta yanke a tsakiyar jimla. Masunta a kusa da tsibirin Elba suka ga ɓaraguzai suna zubowa cikin teku. Mutum 35 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

A nan ne aka tafka kuskuren da, a ganina, ya fi kowane muni. An dakatar da jiragen, an kafa kwamiti, amma mafi yawan tarkacen yana ƙarƙashin teku. Kwamitin ya yi hasashen cewa gobara ce, ya ba da shawarar gyare-gyare masu yawa domin toshe duk ƙofar da ya iya tunanowa, sannan aka bar jiragen suka koma aiki ran 23 ga Maris. Wato an yi magani ba a san cutar ba. Kwana 16 kacal bayan haka, ran 8 ga Afrilu, wani Comet da kamfanin jiragen Afirka ta Kudu ya yi haya ya tashi daga Rum zuwa Alƙahira, ya tarwatse a kan teku kusa da Naples da mutum 21. Babu wanda zai musanta cewa kishin ƙasa da lissafin kasuwa sun yi nauyi a wancan hukunci, domin Comet ne abin da Ingila ta sha gaban Amurka da shi.

Daga nan aka miƙa binciken ga cibiyar nazarin jiragen sama ta Farnborough, a ƙarƙashin Sir Arnold Hall. Sojan ruwa suka yi ta tsamo tarkacen Elba, ana harhaɗa shi a kan firam kamar mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Sa'an nan aka gina wani katafaren tanki, aka sa gangar wani Comet sukutum a ciki, fikafikan suna waje, aka cika ciki da wajen gangar da ruwa. Sai a ƙara matsin ruwan da ke cikin gangar, a sake shi, a sake ƙarawa, kowane zagaye yana madadin tafiya guda. Hikimar amfani da ruwa maimakon iska ita ce ruwa ba ya matsuwa, saboda haka idan gangar ta tsage ba za ta yi bindiga ta watsa shaidar ba. Ran 24 ga Yuni 1954 gangar ta tsage, bayan zagaye 3,057, idan aka haɗa tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi da na cikin tanki. A watan Agusta aka tsamo wani ɓangare na rufin jirgin Elba, aka ga inda tsagar ta faro: ramin ƙusa, kusa da kusurwar wata kafa da aka yanka domin eriyar rediyo.

Abin da ya faru shi ake kira gajiyar ƙarfe. Kowane maƙeri, kai, kowane yaro da ya taɓa son karya waya ba shi da filaya, ya san cewa idan aka lanƙwasa ta aka miƙar sau da yawa za ta karye, ko da kuwa lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata komai. Injiniyoyin de Havilland ma sun san da wannan, ba jahilai ba ne. Abin da ba su ƙididdige daidai ba shi ne yadda nauyin matsi yake taruwa a kusurwar taga ko ƙofa, da yadda ramin ƙusa da aka huda da bugu yakan bar ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Abin takaici ma, sun gwada wani yanki na gangar tun kafin a fara aiki, ya jure zagaye sama da 16,000. Sai dai sun riga sun cusa wa wannan yanki matsi ninki biyu kafin gwajin, wanda hakan ya ƙara wa ƙarfen juriya a daidai wuraren da ke da rauni. Gwajin da aka yi domin a kwantar da hankali shi ne ya ɓoye aibin. Sau da yawa akan taƙaita labarin da cewa tagogi masu kusurwa huɗu ne suka kashe Comet; akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an sauƙaƙa abin fiye da yadda yake.

Munich

Ran 6 ga Fabrairu 1958 jirgin kamfanin BEA, samfurin Ambassador, ɗauke da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Manchester United, ya yi yunƙurin tashi karo na uku daga Munich ta Jamus ta Yamma ana dusar ƙanƙara. Bai bar ƙasa ba, ya keta shinge ya daki wani gida. Cikin mutum 44, 23 suka rasa rayukansu, har da 'yan wasa 8. Hukumomin Jamus suka ce ƙanƙara ce ta daskare a kan fikafikan, kuma alhakin share ta yana kan matuƙi, Kyaftin James Thain. Shi kuwa ya dage cewa ya ga saurin jirgin ya ragu haka kawai ana dab da tashi, kuma caɓin dusar da ta fara narkewa a ƙarshen titin ne ya riƙe tayoyin.

Mai karatu ya lura da inda kowace amsa take kai laifi: ƙanƙarar fiffike ta matuƙi ce, caɓin titi kuwa na hukumar filin jirgi ne. A lokacin ba a san iyakar yadda caɓi yake ja wa jirgi birki ba, sai gwaje-gwajen da aka yi daga baya suka nuna shi. Kamfaninsa ya sallami Thain, bai sake tuƙa jirgin fasinja ba, ya koma kiwon kaji. Sai bayan kimanin shekara goma wani binciken gwamnatin Ingila ya wanke shi. Ya rasu a 1975.

Kano

Na bar haɗarin Kano a ƙarshe, ko da yake ya riga na Munich da kusan shekara biyu, saboda shi ne aka fi daɗewa ba a gane sirrinsa ba. A wancan zamani Kano zango ce da jiragen farfela suke yada kafin su keta Sahara. Ran Lahadi 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC samfurin Argonaut, mai inji huɗu, ya taso daga Ikko za shi Landan ta Kano da Tarabulus, da fasinja 38 da ma'aikata 7. Ya tashi daga Kano da ƙarfe 5:21 na yamma. Da ya kai tsayin kamar ƙafa 250, a cikin ruwa mai ƙarfi, sai saurinsa ya faɗi, ya fara yin ƙasa. Matuƙin ya ba injuna wuta iya ƙarfinsu, amma jirgin bai daina sauka ba har ya daki bishiya kamar mil ɗaya da rabi daga ƙarshen titin. Mutum 32 suka rasu. Ɗaliban harshe sun saba kawo hadari da haɗari a matsayin misalin yadda lanƙwasa guda take raba ma'ana; a Kano ran nan kalmomin biyu sun haɗu.

Injuna lafiya lau, matuƙi ƙwararre, ga jirgi ya faɗi: duk abin da ake bukata domin a kama matuƙin yana nan, tun da ana iya cewa don me ya tashi alhali hadari yana kusa. Kwamitin binciken bai bi wannan hanya ba. Ya bayyana cewa jirgin ya shiga wani ƙullin hadari da ya haɗu farat ɗaya, wanda ya juya akalar iska nan take, kuma mai yiwuwa ne akwai iskar da ke dannowa daga sama. Ya ce mai hasashen yanayi na filin ba zai iya hango shi ba, matuƙin ma ba zai iya ganinsa kafin tashi ba, don haka babu laifi a kansa. Kwamitin ya kwatanta abin da ba shi da suna, ya tsaya a iyakar saninsa, kuma lokaci ya gaskata shi.

Sunan bai zo ba sai bayan shekara 19. Ran 24 ga Yuni 1975, wato rana ɗaya da ta Kano a kalanda, jirgin Eastern Air Lines samfurin Boeing 727 ya faɗi yana shirin sauka a Niyok cikin hadari, mutum 113 suka rasu. Aka nemi Tetsuya Fujita, masanin yanayi ɗan asalin Japan da ke Jami'ar Shikago, ya duba lamarin. Fujita ya taɓa lura da yadda bishiyoyi suke kwantawa bayan wasu guguwowi, kowace tana fuskantar waje daga tsakiya guda, irin abin da ya gani a Nagasaki a 1945 bayan faɗuwar bam. Daga nan ya ce lallai akwai wani ginshiƙin iska mai sanyi da yakan zubo daga gindin hadari, ya daki ƙasa, ya watsu ta kowane gefe kamar ruwan da aka kwarara daga bokiti. Sunan da ya raɗa wa ƙaramin nau'insa da Turanci, idan aka fassara, shi ne ƙaramar ɓarkewa: faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ƙarfinta kuma na 'yan mintoci ne.

Mugun halinta ga jirgi shi ne yaudara. Da farko iskar takan bugo jirgin ta gaba, saurinsa a ma'auni ya ƙaru, ya yi sama. Da ya isa tsakiya sai ta danne shi ƙasa, da ya wuce kuma sai ta biyo shi ta baya, ta ƙwace iskar da fikafikai suke dogara da ita. Jirgin da ke nesa da ƙasa yana da sararin farfaɗowa. Wanda ke ƙafa 250, cike da mai domin keta hamada, ba shi da shi. Masana yanayi da dama sun ƙi yarda da Fujita da farko, sai da rada ta nuna abin ƙarara. Bayan wani jirgin Delta ya faɗi a Dallas ran 2 ga Agusta 1985 saboda wannan iska, hukumar sufurin sama ta Amurka ta kafa doka a 1988 cewa jiragen fasinja su riƙa ɗaukar na'urar gargaɗi game da ita. A yau masu nazarin wannan iska suna lissafa haɗarin Kano na 1956 cikin na farko-farko da aka rubuta bayaninsa filla-filla.