Inshorar Mota da Haƙƙin Wanda Aka Kaɗe

Duk wanda ya san cinkoson Adaidaita Sahu da motocin haya tsakanin Ƙofar Kabuga da Gadon Ƙaya, ya san abin da kan biyo bayan haɗari a Gwale ta Kano: a kwashi wanda ya karye zuwa Asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala, dangin direba su zo dubiya da ɗan hasafi, dattawan unguwa su sa baki, har iyalin wanda aka kaɗe su ce "ƙaddara ce, mun yafe", alhali kuwa washegari keken ɗinkin maigida za a sayar a biya kuɗin magani.

Afuwa alheri ce babu shakka, amma kamata ya yi mutum ya san haƙƙinsa kafin ya yafe shi. Tun a dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a Nijeriya yankar inshora saboda mutumin da motarsa za ta jikkata ko ta hallaka, kuma daga Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3, ban da haƙƙin rauni da na rai. Sai dai da yawa sun ɗauke ta takardar wuce shingen 'yan sanda kawai, suna saye a hannun dillalai, ba su damu ko ta jabu ce ba. Ranar musiba kuwa babu kamfanin da zai amsa.

Malaman da ke ƙyamar inshora saboda garari da riba suna da hujjarsu, amma wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa diyyar kisan kuskure ba a kan mai kisan shi kaɗai take ba, aƙilarsa ce ke ɗauka, wato danginsa na wajen uba, a biya cikin shekara uku. A birni irin Kano, inda direba sau da yawa baƙo ne mai zaman haya, ina aƙilar? Takaful, wadda aka fitar da ƙa'idojinta a 2013, ita ce mafi kusa da wannan asali, gama taimakekeniya ce tsakanin masu zubi.

Gyaran da ya fi gaggawa, a ganinmu, shi ne a riƙa biyan kuɗin jinya tun majinyaci yana kwance, ba sai an gama shari'a ba. Kafin nan, wajibi ne dangi su rubuta lambar motar nan take, su karɓi rahoton 'yan sanda, su kuma adana kowane rasit na asibiti, domin da su kamfani ke biya.