Matar da Ta Koya wa Marasa Lafiya Haɗiya

Yara, kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa, ya haɗiye yawu. Kun ji wani abu ya hau sama ya sauko? To, wannan aiki muna yinsa sau ɗaruruwa kowace rana, ba mu ko lura ba.

A cikin wuyan mutum akwai hanya biyu. Ta gaba ita ce ta iska, tana zuwa huhu. Ta baya ita ce ta abinci, tana zuwa ciki. Idan mutum zai haɗiye loma, sai numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, maƙogwaro ya ɗaga, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska, lomar ta wuce. In kuwa ruwa ya ɓata hanya, sai mutum ya ƙware, ya yi ta tari har ya fitar da shi.

Amma akwai waɗanda haɗiya takan gagara, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda aka yi wa aiki a baki saboda ciwon daji. Waɗansunsu ma abinci yakan zarce musu huhu ba su yi ko tari ba. Daga nan sai ciwon huhu ya kama su, wani lokaci har ya zama ajali.

A ƙasar Amurka an yi wata mata, sunanta Jeri Logemann, wadda ta ƙare rayuwarta a kan wannan matsala. An haife ta a 1942 a jihar Ilinoi. Ta yi karatu a Jami'ar Northwestern, ta sami digirin dakta a 1968, ta kuma koyar a can. Sana'arta ita ce gyaran magana. Da yake baki da harshe da maƙogwaro su ne kayan magana, su ne kuma kayan haɗiya, sai ta mai da hankali ga masu wahalar cin abinci.

Ta ga cewa ba a gyara abin da ba a gani ba. Saboda haka ta tsara wani gwaji. Akan gauraya ruwa ko abinci da wani farin gari mai suna bariyom, wanda ke fitowa sosai a hoton asibiti mai nuna cikin jiki. Marar lafiya ya kurɓi ruwan, sa'an nan abu mai kauri, sa'an nan ɗan biskit, ana ɗaukar hoto mai motsi. Nan take sai a ga inda lomar ta maƙale, ko ta kauce. Gani ya kori ji.

In an gano laifin, sai a nemi dabara. Wani a ce ya sunkuyar da haɓa kafin ya haɗiye. Wani ya riƙe numfashi, ya haɗiye, ya yi tari. Wani kuma a kaurara masa abin sha kamar kunu. A 1983 ta tara iliminta a littafi, masu wannan sana'a suka yi ta koyo da shi. Ta rasu a 2014, tana da shekara 72.

Ku kuma, ku zauna sosai in za ku ci abinci, ku tauna da kyau, ban da surutu da loma a baki. In kun ga tsoho yana yawan ƙwarewa, ku gaya wa manya a kai shi asibiti.

Tambayoyi
1. Hanya nawa ce a cikin wuyan mutum?
2. Me ya sa ake zuba bariyom a abincin gwaji?
3. Faɗi dabara biyu da ake koya wa mai wahalar haɗiya.