DARASI: MENE NE RAI, KUMA DAGA INA YA FITO?

Karatu: Farawa 1:11-12, 20-25, Farawa 2:7, Ayyukan Manzanni 17:24-28

Ka ɗauki ƙwayar gero guda daga rumbunka, ka ɗauki tsakuwa mai girmanta, ka ajiye su a tafin hannunka. Dukansu biyu busassu ne, ba mai motsi. Amma in ruwan farko ya sauka a Bawku ka binne su, bayan 'yan kwanaki ɗaya za ta tsiro, ɗayar kuwa tana nan tsakuwa ko bayan shekara dubu. Mene ne ke cikin gero wanda babu shi cikin tsakuwa? 'Ya'yanmu suna dawowa daga makaranta da wannan tambaya, ya kamata su same mu da amsa.

1. Alamun abu mai rai

A makaranta ana koya wa yara alamu bakwai. Mai rai yana cin abinci, yana numfashi, yana fitar da ƙazanta daga jikinsa, yana girma, yana motsi, yana jin abin da ke kewaye da shi, yana kuma haifar irinsa. Ka duba zabuwar gidanka, za ka ga bakwai ɗin nan kafin rana ta faɗi. Albasar da ake nomawa da rani a bakin kogi ita ma tana da su duka, sai dai nata a hankali ne. Saiwarta tana bin laima, ganyenta yana bin hasken rana, da hasken ne kuma take haɗa abincinta daga ruwa da iska.

Wani zai ce, to wutar daji fa? Tana ci, tana girma, tana gudu lokacin hunturu, har tartsatsinta ya haifi wata wutar. Duk da haka ba ta da rai, saboda abu biyu. Na fari, kowane mai rai an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta, waɗanda Robert Hooke na Ingila ya fara gani da madubin ƙara girma, ya rubuta labarinsu a 1665. A jikin babban mutum akwai wajen tiriliyan 30. Na biyu, cikin ƙwayar halitta akwai sinadarin gado, wato DNA, wanda aka gano siffarsa a 1953. Shi ne ke ɗauke da umarnin da ya sa gero yake haifar gero, zabuwa take ƙyanƙyashe zabuwa. Wuta ba ta da wani umarni da za ta bar wa 'ya'yanta. Littafin Farawa sura 1 ya maimaita sau da dama cewa kowace halitta tana ba da irinta, manomi kuwa shaida ne kowace damina.

2. Rai daga rai yake fitowa

Da yawa cikinmu mun tashi muna jin cewa nama ne ke haifar tsutsa, wake kuma shi ke haifar ƙwari. Mutanen Turai ma haka suka zata na tsawon ɗaruruwan shekaru. A 1668 wani likita na Italiya, Francesco Redi, ya sa nama cikin tuluna, ya bar waɗansu a buɗe, ya rufe waɗansu da yadi mai ƙananan ƙofofi. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya iya sauka a kai ne kaɗai. Wajen 1860 Louis Pasteur na Faransa ya tafasa romo cikin kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, inda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a hanya. Romon bai lalace ba sai da aka karya wuyan kwalbar.

Wannan sani yana da amfani a gidanka. Ƙwaron wake tun daga gona yake sa ƙwai. In ka shanya wake ya bushe sarai, ka zuba cikin buhun da iska ba ta shiga, ƙwaron zai mutu, abincin iyalinka ya kai damina. Haka nan ruwan da aka tafasa aka rufe ba ya haifar cuta da kansa.

3. To, rai na farko fa?

In kowane rai daga wani ran yake fitowa, na farkon daga ina? Masana sun sami alamun ƙananan halittu cikin duwatsun Ostareliya da suka ƙiyasta shekarunsu kamar biliyan 3 da rabi. A 1952, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Stanley Miller ya haɗa ruwa da iskoki uku cikin kwalba, ya riƙa ratsa su da tartsatsin lantarki kamar walƙiya. Bayan mako guda ya sami waɗansu sinadarai da ake gina furotin da su. Aiki ne mai kyau, bai kamata mai bi ya ji tsoronsa ba. Amma tubali dabam, gida dabam. Har yau ba wanda ya ɗauki kayan da ba su da rai ya gina ƙwayar halitta mai rai tun daga tushe.

Saboda haka in ɗanka ya kawo maka abin da ya koya, kada ka tsawata masa, kada kuma ka ce malaminsa maƙaryaci ne. Ku zauna ku karanta tare. Bincike yana tambayar yadda abu ya faru, da irin kayan da aka yi shi. Maganar Allah tana gaya mana wanda ya ba da rai da dalilin bayarwar. Farawa 2:7 ta koya mana cewa daga turɓaya aka siffata mutum, gaskiya ne kuwa sinadaran jikinmu duk ana samunsu cikin ƙasa da ruwa da iska. Sai da Allah ya hura masa numfashi ya zama rayayye. A Atina ma Manzo Bulus ya shaida wa masu ilimi cewa rai da numfashi kyauta ce daga hannun Allah.

4. Abin da wannan ke nufi a garinmu

Ɗan'uwana, tun da rikici ya sake tashi a Bawku a 2021 mun yi jana'iza da yawa, mun kwana cikin dokar hana fita. Ka yi tunani: dukan masanan duniya ba su iya yin ƙwayar gero guda ba, amma yaro da bindiga yana kashe mutum cikin ƙiftawar ido. Abin da ba ka iya mayarwa, ba ka da ikon ɗaukewa. Farawa 9:6 ta kafa darajar jinin mutum a kan cewa an yi shi cikin siffar Allah, ba ta kuwa ware wata kabila ko wani addini ba. Maƙwabcin da ake gaya maka abokin gaba ne, numfashin da ke hancinsa daga hannu ɗaya ya fito da naka.

Tambayoyi
1. Waɗanne alamun rai kake gani a bishiyar kaɗanya?
2. Wace amsa za ka ba yaron da ya ce ilimi ya kawar da bukatar Mahalicci?
3. Akwai wanda ka daina ganin darajar ransa? Wane mataki za ka ɗauka wannan mako?

Addu'a
Ya Uba, Mai ba da rai, mun gode maka domin numfashin yau. Ka ba 'ya'yanmu ilimi tare da tsoronka. Ka tsare hannuwanmu daga jini, ka ba Bawku salama. Cikin sunan Yesu, Amin.