Kafin ka haɗa kwamfutar gem a Jimeta, fara da lissafin wuta da zafi

Duk saurayin da ya tara kuɗin haɗa kwamfutar buga gem, tambayarsa ta farko ita ce wane katin hoto ya fi ƙarfi. A YouTube ya koyi haka, wurin mutanen da ke zaune cikin sanyi, wutarsu ba ta ko ƙiftawa. Mu nan Yola da Jimeta, a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da za a kawo yanzu a ɗauke anjima. Don haka lambar da nake so ka fara dubawa a jikin kowane kaya ita ce wat nawa yake ci.

Ɗauki katin hoto, tunda shi ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin. RTX 3080 yana jan wat 320, kuma duk wutar nan zafi take komawa a cikin ɗakinka. RTX 4060, wanda ya fito a 2023, wat 115 ne kacal, RX 6600 na AMD kuma 132. Kowanne daga cikin biyun nan zai ɗauke maka EA Sports FC da GTA V da PUBG lafiya lau a allo mai 1080p. Ka haɗa shi da furosesa mai wat 65, irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, kwamfutar duka har da allon kallo da wuya ta wuce wat 300. Ƙaramar inbata ko janareta za ta riƙe ta ba gardama. Amma ka lura, waɗannan furosesa biyun ba sa fitar da hoto da kansu. In kuɗin kati bai samu ba tukuna, nemi Ryzen 5 5600G, mai fitar da hoto da kanta, ka lallaɓa da ita.

Furosesa ita ke zaɓa maka madabod. Ryzen 5600 a gurbin AM4 take zama da RAM ɗin DDR4, sababbin Ryzen na gurbin AM5 kuwa DDR5 kaɗai suke karɓa, sai ka tabbatar sun dace kafin ka tura kuɗi Legas. RAM gigabayit 16 ya isa, amma sanda biyu masu 8, sun fi guda ɗaya sauri. SSD kuma terabayit ɗaya, domin Call of Duty kaɗai kan haura gigabayit 100.

Inda aka fi yin asara shi ne akwatin raba wuta, wato PSU. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan kati, sannan ya yarda da wanda aka ba shi gyara tare da kes, mara suna, in ka ɗaga shi ba nauyi kamar gwangwanin madara. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, shi ne zai ƙone ya tafi da madabod. Nemi mai wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze, na kamfani irin Seasonic ko Corsair, kuma sabo dal. In wani ya kawo maka tsohuwar kwamfuta daga Amurka, duba bayanta: idan akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, mayar da shi 230 kafin ka jona. Sai UPS, wanda zai ba ka mintunan kashe ta cikin natsuwa. Na fi ganin darajarsa a kan fitilun ado masu canza launi da samari ke rububi.

Kes mai gilashi a gaba yana da kyan gani, sai dai yana toshe iska. Ɗauki mai raga, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Ɗora ta bisa tebur, kada ta zauna a ƙasa tana shaƙar ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa busa ta da bulowa kowane wata, kana danne fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

Saura batun na hannu. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, musamman RX 580. Ba duka ne matattu ba, amma kada ka saya a hoto. Ko daga Computer Village na Ikeja ko Banex na Abuja za a sako maka a mota, a aiko bidiyon katin yana aiki, lambar jikinsa a bayyane, a kuma yarda da kwanakin gwaji a rubuce. In a Jimeta ne, ja kujera ka zauna a shagon. Ka ce, “Maigida, a kunna min gem na rabin awa,” ka buɗe manhajar MSI Afterburner kana kallon zafin katin. Idan ya haura digiri 85, ko ɗige-ɗige suka fara bayyana a allo, ko fanka ta soma ƙara, yi masa godiya ka leƙa shago na gaba.